Ranar da Kaka Ta Karɓe Muciya

Na yi shela iri-iri a rayuwata, kuma mafi yawansu kafin in kashe babur na manta abin da na faɗa. Amma akwai guda ɗaya da sai da aka yi zaman shari'a a tsakar gidanmu na Sabon Birni kafin a ba ni izinin yin ta. Ko tsufa ya kai ni inda zan riƙa kiran 'ya'yana da sunan juna, wannan yammacin ba zai fita daga raina ba.

Sana'ata ke nan, shela. Lasifika nake ɗaurewa a bayan babur, in bi kasuwanni daga Sabon Birni zuwa Isa, in leƙa Tozai da Kamarawa idan hanya ta yi kyau, ina sanar da allurar rigakafi, ko wa'azi, ko ɓatan akuya mai tsage a kunne. Duk yankin an san muryata. Ina da wata buɗewa tawa ta kaina, in ja numfashi in ce, "Jama'aaa, a saurara!" Har yara suna kwaikwayo, ni kuwa a lokacin ji nake kamar wani babban ma'aikacin gidan rediyo.

Wanda ya jawo zaman shari'ar taubashina ne, ɗan gwaggona ƙanwar Baba. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, don haka a gidanmu ya tashi, kwano ɗaya, tabarma ɗaya. Kowa ya san abin da ke tsakanin taubasai. Ni in ce bawana ne, shi ya ce kaina kamar tulu, kuma ba mai shiga tsakaninmu. Aka tura shi Sakkwato karatu don ya dawo malamin makaranta, sai ya dawo mana mai barkwanci. Ba irin 'yan kama na da ba, masu tafe da kiɗa. Shi kaɗai yake tsayawa a kan dandali, ba ganga ba 'yan amshi, ya riƙe abin magana ya yi ta zuba, mutane suna riƙe ciki.

Barkwancin nasa kuma ba na yara ba ne. Abin da mutane ke tsoron ambata shi yake ɗaukowa: mutuwa, makabarta, 'yan bindiga, satar mutane. Irin wanda za ka yi dariya har hawaye, sannan ka toshe baki ka yi istigfari. Shi ne ya ce a ƙasarmu yanzu in za ka Isa daga Sabon Birni ba jaka ake haɗawa ba, wasiyya ake bari. Shi ne kuma ya ce in mutum ya mutu a kan gadonsa, 'yan uwa kewaye da shi, to ba ta'aziyya ta kamata ba, barka ya kamata a je. Ka ji ɗan banza. Amma abin da ya fi fito da shi, wanda ya zagaye wayoyin mutane har Maraɗi, shi ne labarin sace kakarmu, mahaifiyar Baba.

Ba ƙirƙira ya yi ba, an sace ta da gaske. Ta je suna Gatawa, a hanyar dawowa aka tare motarsu aka shige da su daji. Ba na son tuna kwanakin nan. Baba ya rame, mata suka daina ɗora tukunya sai an matsa musu. Muna cikin haka wata safiya sai ga ta a kan jaki, ƙafafu a kumbure, wani dattijon Bafillace da muke kira Baffa yana jan akala. Baffa tsohon aminin Baba ne. Tun muna yara duk rani shanunsa ke kwana a gonarmu, su ci kara su bar mana taki. 'Yan bindigan nan sun riga sun kwashe masa garke, babban ɗansa da ya bi sawun shanun kuwa gawarsa aka ɗauko. Yana yawon neman ko da saniya ɗaya da ta ɓalle ne ya tsinci Kaka.

Bayan an kwana biyu hankali ya kwanta, sai taubashina ya shirya zagayen wasa. Ya yi Sakkwato, ya yi Gusau, ya yi Katsina da Kano, ko'ina zaure cike. Rannan ya kira ni a waya, ko sallama bai gama ba ya ce, "Mai kan tulu, gida za ni rufe zagayen ga. Kai za ka yi min shela." Na san abin da ke ransa. An tafa masa a garuruwan mutane, amma a garinsu ba wanda ya taɓa ganinsa a tsaye. Kuma Baba, wanda ya raine shi, bai taɓa ce masa sannu da aiki ba. In sunansa ya taso a gida, sai Baba ya ja tsaki ya ci gaba da jan carbi.

Ni kuwa ba na ɗaura lasifika a kan maganar gida sai Baba ya sani. Da na gaya masa, ya daɗe yana kallona kamar ni na yi laifin. Can ya ce, "Garin da kowane gida ad da wanda anka ɗauka ko anka kashe, nan za shi zo shi yi dariya? To ba shela, ba wasa, sai na gani da idona. Shi zo shi yi shi nan tsakar gida, gabana. In na ga abin kunya, magana ta ƙare, kuma kar in sake jin ya ambaci tsohuwa cikin jama'a."

Haka aka yi. Taubashina ya iso da rigarsa mai walƙiya da takalmi mai tsini. Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin dogonyaro. Baba ya zauna a kujerarsa ta katako. Mata suka laɓe a bakin madafa wai suna tsintar shinkafa, shinkafar da na tabbata an tsince ta tun safe. Kaka tana kan tabarmarta ta miƙe ƙafa, tana goga goro a magogi, domin haƙoran sun daɗe da yi mata sallama. Ana shirin farawa sai muka ji sallama a zaure, sai ga Baffa da sandarsa da malafarsa. Ashe Baba ne ya aika masa. Ya jawo ni kusa ya raɗa mini, "Ni ba huskar yaron ga za ni kallo ba. Huskar Baffa za ni kallo."

Taubashina na ganin Baffa sai ya rikice. Mutumin da ke tsayawa gaban zaure cike, sai ga shi yana goge tafin hannu a wando. Ya ce shi ba ya iya magana sai da wani abu a hannu, ya shiga madafa ya ɗauko muciya, ya riƙe ta a saitin baki. Nan mata suka yi dariyar farko, kuma ita ce ta ƙarshe na wani dogon lokaci.

Domin gogan naku tsorata ya yi. Ya ajiye duk barkwancinsa mai zafi, ya kama ba mu labarin 'yan kabu-kabu da yadda tela ke ɓuya ana gobe salla. Labaran da ko a majalisar mai shayi sun tsufa. Tsakar gida ta yi tsit. Baba yana jan carbi, Baffa yana gyara zaman malafa a gwiwa, wata kaza ta ratsa ta gaban taubashina ko kallonsa ba ta yi ba. Ni kaina na tausaya masa, na ɗan yi wata dariyar taimako, ta fito kamar tari.

Sai Kaka ta ajiye magogi. Ta ce, "Angona, wanga shi na abin da mutane ka cika zaure su gani? Ashe mutanen birni ba su da aikin yi."

Ya ce, "Haba amarya, ai ɗumi nika yi tukuna."

Ta ce, "Ɗumin mi? Ina labarina? Ka ɗauka ban gani ba? Na gan shi a wayar maƙwabta, har sau biyu anka maido min. Ka kai ni Kano, ka kai ni Katsina, ban taka ko'ina ba. Yi shi nan gabana in kai namiji na."

Ya dubi Baba. Baba ya ɗaga masa haɓa, alamar ya yi. Sai ya gyara tsayuwa, ya ɗaga muciya, nan take ya koma mutumin da ake faɗa. Gaskiya yaron ya iya. Ya nuna yadda aka kawo wa Kaka tuwo a daji ranar farko, ta lakata ta shinshina ta ce wane marar uwa ne ya yi wannan talgen. Ya nuna yadda take tashin su da asuba tana buga musu ƙafa da sanda, wai su tashi su yi salla ko Allah zai rage musu. Ya nuna yadda ta sa su gaba ɗaya bayan ɗaya tana tambayar ɗan wane ne, ya yi aure ko bai yi ba, tana da jika a gida in zai aske wannan gashin. Mata suka watsar da shinkafa, ƙanwata har da kwanciya. Na saci kallon Baba, na ga gefen bakinsa yana rawa, yana ta kokawa da shi.

Daga nan ya zo wurin da ya fi tashe, inda shugaban 'yan bindigan ya gaji ya kira gida a waya yana roƙo. Taubashina ya karkace baki, ya sauya murya, ya koma irin Hausar da Bafillacen daji ke yi, yana jan harafi yana karya magana: ku zo ku ɗauki tsohuwarku don Allah, mu za mu kawo ta har bakin titi, mu haɗa muku da rago. Gidanmu ya ɗauka da dariya. Ni ma na yi dariya har da buga cinya, ba zan ɓoye ba.

Baffa bai yi ba. Kansa a ƙasa, yana zana wani layi a turɓaya da bakin sandarsa, ya shafe, ya sake zanawa. Baba ya dube shi, nan da nan fuskarsa ta rufe, rawar bakin nan ta tsaya. Na ce a raina shi ke nan, wasa ya mutu, an taɓo wa dattijo mutuwar ɗansa. Abin da na zata ke nan. Ashe ban gane komai ba.

Kaka ta dafa sanda ta miƙe. In ka san Kaka, ka san ba ta miƙewa a banza, sai ta yi shawara da gwiwoyinta tukuna. Ta tako har gabansa, ta fizge muciyar, ta ƙwanƙwasa masa ita a ka, sannan ta riƙe ta a saitin bakinta daidai yadda ta ga yana yi.

Ta ce, "Zauna. Ƙarya kaka yi, kuma ba ka iya ta ba. Tuwon da kac ce na shinshina, ban shinshina ba, jehwa shi na yi, ya samu ɗayansu a ƙirji, wallahi sai da yay yi tari. Kuma ka bar wurin goro. Goro guda ag gare ni cikin lalita, babbansu ya gani yac ce in ɗan sam mai. Nac ce mai, kai da ka kwashe ƙauye guda, goron tsohuwa ka rage maka?"

Tsakar gida ta sake ɗauka, har ta fi ta ɗazu. Taubashina yana zaune a ƙasa baki buɗe, yana kallon yadda tsohuwa ke cinye masa sana'a. Ta jira dariyar ta lafa, kamar wadda ta shekara a dandali, sannan ta rage murya.

Ta ce, "Amma wagga murya da ka ba babbansu, ina ka samo ta? Kana wurin? Wanda ka tsaron mu, Hausatai ta hi taka hita, kuma zanen Gobir na bisa kumatunai, awa na kakanka. Na ga Bahillace cikinsu, na ga Bagobiri, na ga wanda ban ma san inda anka haihe shi ba. Kuma ba wanda ya kira gida yana roƙo. Ƙahwahuna sunka kumbura, sunka tashi sauya wuri, na kasa tahiya, sunka aje ni gindin wata tsamiya sunka wuce. Ba saki na sunka yi ba, angona. Bari na sunka yi in mutu."

Mu duka mun san ta dawo da kumburi, amma ba ta taɓa faɗin wannan ba, ko ga Baba. Na ga hannunsa ya tsaya a kan carbi.

Ta ci gaba, "Ina nan kwance na gama kalmar shahada, ina jiran mai zuwa. Sai na ji wata murya bisa kaina. Ita ta wagga muryar da ka gama kwaikwayo yanzu, ita ɗin dai. Tac ce, Inna, kina da rai?" Ta juya ta nuna Baffa da muciya. "Nac ce mai, in ba ni da rai, wa ka amsa maka, ɗan nema?"

Baffa ne ya fara dariya. Wata irin dariya ce da ta kufce masa ba shiri, kafaɗunsa suna rawa, yana share ido da gefen rawani. Ya ce, "Wallahi haka tac ce. Kuma tun daga nan har gida hwaɗa taka yi min, wai jakina ƙashi gare shi."

Kaka ta koma kan taubashina. Ta ce, "Ni kakarka ta. Kana da wasa da ni tun ran da anka haihe ka. Kashe ni a dandali sau nawa kaka so, ban hana ba. Ran da na mutu ma kai za ka ɗaura zanena ka ɗauki sandata ka yi tahiyata, jikoki su bi ka, haka munka iske ana yi. Wanga mai kan tulu taubashinka na, ku ci junanku. To wanga bawan Allah hwa? Wane wasa ag gare ka da shi?"

Baffa ne ya yi magana, a hankali, ba faɗa a cikinta, kuma da ya yi faɗan da ya fi sauƙi. Ya ce, "Ɗana, ba mutuwar yarona ta sa na yi shiru ba. Wannan na bar ma Allah. Amma kwanakin ga in na shiga kasuwa, yara na bi na da wagga murya, suna ce min in zo in ɗauki tsohuwata. Masu awo sun daina ba ni tabarma. Ban san daga ina ta hito ba. Sai yau na ji ta cikin gidan amini na."

Na sha ganin taubashina cikin kunya, don ni kaina na sha jefa shi ciki, amma ban taɓa ganinsa kamar ranar ba. Ya cire takalmin nan mai tsini, ya rarrafa har gaban Baffa ya durƙusa, ya ce, "Baffa, ban sani ba. Wallahi ban yi tunani ba. Ka yahe min." A gaskiya ni ma kunyar ta kama ni, don na fi kowa buga cinya.

Baffa ya dafa kansa ya ce, "Na yahe. Amma ka sani, ni abokin wasana Babarbare na. In kana son wasa da ni, sai ka tahi Borno a sake haihuwarka." Aka yi dariya, irin ta samun sauƙi. Sannan ya ƙara, "Tunda sana'arka ta, bari in ba ka guda, kyauta. Ka ce musu tun da anka kwashe min shanu na samu lahiya. Bana damina ta zo ta wuce, ba manomin da ya kai ni ƙara gun hakimi. Kai, har gaishe ni suka yi."

Wannan karon Baba ne ya kasa riƙewa. Shi da Baffa sun sha zama gaban hakimi a kan ɓarnar gero, ba a kan gonarmu ba, a kan ta maƙwabta, Baba yana ba da haƙuri. Ya yi dariya har carbi ya faɗi. Rabon da in ga haƙoran Baba a waje tun kafin a sace Kaka.

Da aka natsu sai Baba ya ce, "To, yanzu babban ɓarayin nan, da wace murya za shi magana?" Taubashina, da yake ɗan banza ba ya mutuwa, ya ɗago jajayen idanunsa ya ɗan saci kallon Baba. Baba ya ce, "Kul! Ni kawunka na, ba kakanka ba." Taubashina ya dubi Kaka, ta ce ita ai tana cikin labarin, ba za ta zama ɓarawon kanta ba. Sai na ga idanun gidan duka suna juyowa a hankali, har kazar nan, suna sauka a kaina.

Na ce, "A'a. Wallahi a'a."

Kaka ta ce, "Kai kaɗai ka rage da yaka da wasa da kai. Haƙuri za ka yi."

Taubashina ya karɓi muciya, ya ja numfashi daidai yadda nake yi, ya kumbura ƙirji, ya ce, "Jama'aaa, a saurara! Ana cigiyar masu wata tsohuwa, ta hana mu barci, ta cinye muna rai! Duk wanda ya san tashi ta, shi zo shi ɗauka, mun tuba!" Mata suka zube. Baffa ya kifa malafa a fuska. Ni kaɗai ne ban ga abin dariya ba, kuma har yau ina ganin bai kama muryata sosai ba.

Baba ya tsinci carbinsa ya miƙe don alwalar magariba. Da zai wuce ta gabana ya ce, "Gobe ka ɗaura lasihikarka." Bai dubi taubashina ba, amma da ya kai bakin zaure ya ce, kamar da bango yake magana, "A gaya ma yaron ga shi sauya wagga riga. Ido taka kashewa."

Washegari na bi kasuwanni da shelar wasan. Aka yi shi a filin ƙwallo bayan la'asar, don a watse da sauran haske. Mutane suka zo daga Isa, daga Tozai, har da 'yan Gatawa. Taubashina ya hau da farar riga, muciyar Kaka ɗaure a jikin abin magana. Kaka da Baffa suna kujerun gaba. Kafin ya fara labarinta sai da ya gaya wa jama'a wanda ya tsince ta a gindin tsamiya, ya kuma ce duk yaron da ya sake bin wani da tsohuwar muryar nan, shi da kansa zai sa shi a wasa na gaba har da sunan unguwarsu. Da ya kawo barkwancin shanun, ya ce na Baffa ne, fili ya yi shiru, kowa ya juya yana kallon dattijon. Baffa ya ɗaga sandarsa sama yana dariya. Sai filin ya fashe. Na ga matar da na san an kashe mijinta a gona tana dariya tana share hawaye da mayafi, kuma ba ta tashi ba har aka gama. Baba kuwa wai wucewa ya zo yi, ya tsaya can baya a jikin turken raga, wucewar da ba ta ƙare ba sai da aka tashi.

Ni ne na biya kuɗin sabulu. Tun daga ranar, duk kasuwar da na shiga na ce "Jama'aaa, a saurara!" sai mahauta da masu tumatir su ɗaga hannuwa sama suna ihu, "Mun tuba! Ku zo ku ɗauke ta!" Na sauya buɗewa ya fi a ƙirga, ba ta zauna ba. Daga baya na haƙura, don na lura tun da abin ya faru ba wanda ke wuce shelata bai tsaya ba.

Kaka ta ƙara wasu shekaru tana goga goronta tana yi mana faɗa. Ta rasu a ɗakinta, a kan gadonta, Baba yana riƙe da hannunta. Ranar sadaka jikoki suka taru don wasan da ake yi in tsoho ya cika, aka ɗaura wa taubashina zanenta, aka miƙa masa sandarta, kamar yadda ta ce. Ya fito tsakar gida, ya duƙa irin duƙawarta, ya buɗe baki. Ba abin da ya fito. Mutumin da ke sa zaure guda dariya ya tsaya a ƙarƙashin dogonyaro cikin zanen tsohuwa yana kuka kamar yaye.

Sai Baffa ya taso daga cikin masu gaisuwa, ya tsufa sosai lokacin, ya zo ya kama kafaɗarsa. Ya ce, "Barka, ɗana. Bisa gadonta."

Ban san yadda zan kwatanta abin da ya biyo baya ba. Dariya ce da kuka a haɗe, gidan duka, har Baba yana cewa alhamdu lillahi yana share gemu. Taubashina ya goge fuska da gefen zanen, ya buga sandar a ƙasa, ya nuna tukunyar sadaka ya ce da muryar Kaka, wane marar uwa ne ya yi wannan talgen.

A da ina ɗauka barkwanci a kan masifa iri biyu ne kawai, ko dai rashin imani, ko kuma jarumta. Wannan yammacin ya nuna mini ba a nan maganar take ba. Mutanenmu ba su ƙi dariya a kan abin da ya same su ba, wani lokaci ma ita kaɗai ta rage musu. Abin da ba su yarda da shi ba shi ne ka ɗauki ciwon mutum ka yi wasa da shi ba ka tambaye shi ba. Tun daga ranar, kafin in yi dariya a kan wani, sai na duba ko yana wurin, in yana nan kuma sai na dubi fuskarsa tukuna, kamar yadda Baba ya yi.